Ranar da Aka Sa Ni Zaɓen Injin da Zai Karɓe Mini Tsintsiya

Jikata Bilki ce ta jawo wannan rubutu. Ran nan ta zo da ƙawarta, hira ta yi hira, aka tambaye ni aikin da na yi da ƙuruciya. Na ce shara. Suka dubi juna, suka ja mayafi suka rufe baki. Ƙawar ta ce, "Hajiya, shara kuma sana'a ce? Ai ko ɗan yaye aka miƙa wa tsintsiya zai ja." Ban ji haushi ba, don ni ma haka na zata ranar da na fara. To, tunda Allah ya sa na zauna a ajin yaƙi da jahilci, hannuna kuma bai soma rawa ba tukuna, bari in ajiye muku a takarda, ku karanta a tsanake.

Falon wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Fagge ta Kudu shi ne aikina na fari. Lokacin ina goyon Sani, baban Bilki ke nan, maigidanmu kuma ciwon ƙafa ya zaunar da shi daga dako a tashar jirgi. Inna Kande, maƙwabciyarmu a Kwaciri, ita ta kai ni. Tsohuwa ce 'yar firit, ta daɗe tana share gidajen Kwarori har ta iya gaisuwarsu. Ta miƙo mini tsintsiya, ta koma gefe tana cin goronta. Na zage na share falon tas, na tara a bakin ƙofa, na jawo tsohon faranti zan kwashe.

Ta ce, "Ina za ki kai?"

"Juji mana, Inna."

"Kin duba?"

"Me zan duba a cikin shara?"

"Zauna, 'yar nan."

Ta sa na zube ta a faifai, ta sa yatsa tana bazawa kamar mai tsintar shinkafa. Sai ga allura. Sai ga maɓallin riga. Sai ga wata 'yar mitsitsiyar ƙusa, ashe ta tabarau ɗin mai gidan ce, kwana biyu yana nema, ya ɗaure tabarau da zare. Inna Kande ta ce, "Asabe, shara kashi uku ce. Akwai ta mai gida, ki mayar masa. Akwai ta Allah, ki ɗaga ta daga ƙasa. Abin da ya rage shi ne na juji." Ta Allah ita ce ƙwayar abinci da takarda mai rubutu. Ƙwaya a watsa wa kaji. Takarda kuwa ba a haɗa ta da ƙazanta, don ba ki san sunan wa ke kanta ba.

Wata shida na yi ina bin ta. Tsintsiya uku muke ɗauka. Ta laushi don ɗaki, ta kwakwa don tsakar gida da bakin kwata, sai guntuwar da ta tsufa ta yi tauri, ita ce ke shiga lungu da bayan ƙofa. Sabuwar tsintsiyar laushi ba a shiga ɗaki da ita sai an karkaɗe ta a jikin bango an taje ta, in ba haka ba ita za ta zuba miki tata sharar a inda kika share. Daɓe yana son yayyafi, da yatsu ba da tafin hannu ba. Siminti yana son tsumma a bayan tsintsiya. Darduma ce mai wuyar sha'ani. Ba ta son ruwa, kuma sai kin shafa ta da hannu kin gane inda gashinta ya kwanta, ki bi shi. A gidan Kwarori muka koyi watsa mata jiƙaƙƙen ganyen shayi kafin a share, ya kama ƙurar. Ran Asabar a rataye ta a igiya a yi ta bugu da sanda har kafaɗa ta ƙage.

Kowane gida da abin da yake so. Kwara yana son ƙasa ta yi sheƙi. Akwai wata Babarbariya da na yi wa aiki, ita ko kin lashe ɗakin da harshe ba ki gama ba sai kin sa turaren wuta. Gidan da na fi daɗewa shi ne na Alhaji Lamidi, Bayarabe mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Gidan bene ne, a bakin Fagge ta wajen kasuwa. Matarsa Sikira, su ba sa cewa Hajiya, Alhaja suke cewa. Sai mahaifinsa, tsohon malami, kowa Baba Alfa yake kiransa. Idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, amma bai daina rubuta wa mutane addu'a ba. Da hantsi yakan fito falo ya zauna gindin taga, don nan ne haske ya fi. Ya rubuta, ya datse gefen takarda da 'yar wuƙa, in ya yi kuskure ya yage ya sake. Guntaye su zube bai gani ba, iska ta kai su ƙarƙashin kujeru. Ina da gwangwanin taba da na wanke, kullum yana ɗaure a haɓar zanena. Nan nake tara su. Ranar Juma'a in durƙusa in miƙa masa, ya ƙona da kansa, ya zuba tokar a gindin bishiyar lemo. Ni da shi kawai muka san wannan, ba don ɓoyo ba, sai don ba wanda ya taɓa tambaya.

Mummunar shekararmu ta zo 'yan shekaru kafin mulkin kai. Ba yunwa ba ce, ba annoba ba. Inji ne ya shigo gidajen Kwarori. Muka ji labari wai akwai abin da ake sa wa wuta ya shanye ƙura. Kafin damina ta fita an sallami mata uku da na sani, har da Inna Kande. Aka ba ta turmin atamfa aka yi mata godiya. Ta koma wajen ɗanta a Rijiyar Lemo tana sayar da gyaɗa a ƙofar gida. Na je gaishe ta, na tambaye ta kamannin abin. Ta ce, "Ban ga cikinsa ba. Kuka dai yake yi kamar an taka wutsiyar kare."

A shekarar aka jawo wutar lantarki gidan Alhaji Lamidi. Ya dawo daga Makka da darduma uku, ɗaya ta cinye falon gaba ɗaya, mutum biyu ba sa iya fitar da ita bugu. Wata Alhamis ina cikin goge matakala Alhaja ta kira ni. Mace ce mai faɗar magana yadda take.

"Asabe, Alhaji zai sayi injin shara. Ni zan riƙa turawa da kaina, an ce ba wuya. In wata ya mutu, aikinki ya ƙare a nan. Ba laifi kika yi ba o."

Na ce, "To, Alhaja. Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Amma ki wanke hannu ki zo mu je kanti. Ni da Alhaji atamfa muka sani. Ke kika san datti."

Yara huɗu gare ni a lokacin, kuma gidan nan ne tukunyarmu. Amma gaskiya, a cikin motar ba abin da nake ta juyawa a kai sai tambaya ɗaya. Duk ƙurar da abin yake sha, ina take zuwa?

Kantin na Turawa ne, ta wajen tashar jirgi, ban taɓa taka shi ba. Akawun wani ɗan Kudu ne mai farar riga da laktaye, Hausarsa ta Sabon Gari. Ya jera mana inji uku. Ɗaya a kwance yake kamar ganga, da dogon hanci, ana jan sa a baya kamar akuya. Biyu kuwa a tsaye suke da ƙafarsu, kai mai faɗi a ƙasa, doguwar mariƙa, jaka rataye a jikinta. Akawu ya ce gidan da darduma ta yi yawa na tsaye ya fi, don yana da burushi mai juyawa a ciki, yana bugu yana sha. Ya fara yabon sabon cikinsu, mai launin shuɗi da 'yar fitila a goshi. Alhaji tun daga nesa idonsa na kan fitilar.

Na ce, "Malam akawu, a kwantar mini da shi in ga cikinsa."

Ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce, "Yi mata. Ita ce alƙali yau."

Ya kifa su duka biyun. Na durƙusa na sa hannu. Burushin kamar tsintsiya ce aka naɗe a jikin muciya, wata roba tana juya shi. Na tambaya in robar ta tsinke fa. Ya ce akwai wata. Na ce a nuna mini, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ta tsohon samfurin cike da kwali, ta sabon kuwa wai tana kan teku. Na auna igiyar wutar da hannu, kamu kamu, na kwatanta da falonmu, don ramin wuta ɗaya ne a bango, bayan kabad. Na ɗaga kowanne na yi taku goma, saboda matakalar bene. Na sa ya kunna in ji kukan, saboda Baba Alfa yana barci bayan azahar. Na tambaye shi gezar darduma, wato zaren nan na bakinta. Ya sosa kai ya ce, "Mama, wannan kam yana cinyewa. Sai a naɗe ta ciki." Ya ƙara da cewa, "Mama, kin taɓa aiki a kanti ne?" Alhaja ta yi dariya har tana riƙe ɗankwali.

Sai Alhaji ya ce, "Asabe, tsakaninki da Allah, shi da tsintsiyarki wa ya fi?"

Na ce a gwada. Akawu ya watsa yashi a kan dardumar gwaji, ya murje da takalmi. Aka samo mini tsintsiya wajen masu gadi. Na shafa, na gane kwanciyar gashin, na share yadda Inna Kande ta koya mini, har na tabbata ba saura. Akawu ya bi wurin da inji. Muna ji yashi na ƙara a cikinsa, ƙaras ƙaras, kamar ana zuba gero a kwano.

Na ce, "A kan darduma ya fi ni, Alhaji."

Alhaja ta kau da kai tana duba wasu kofuna. Alhaji ya ce a ɗaure masa mai fitila.

Na ce, "Saura tambaya ɗaya. Malam akawu, ina sharar take zuwa?"

Nan ne ya ji daɗi. Ya ce ai wannan shi ne abin alfaharin sabon. Tsohon samfurin, jakar yadi gare shi, sai an kwance bakinta an zazzage, ƙura ta bule mutum. Sabon kuwa jakar takarda ce a ciki. In ta cika a cire ta a rufe, a jefar, a sa wata. "Hannunki ba zai taɓa ba, idonki ba zai gani ba. Tsabta ke nan, Mama."

Da safen ranar na tsinci ƙwayar murjani ɗaya a bakin gadon Alhaja, saurin fita ya hana ni ba ta. Na kwance ta daga zane na nuna mata, na ce ta ba ni aro. Na ajiye a kan darduma na ce ya bi ta kai. Ya bi. Muka ji ƙwas, ta shige.

Na miƙa hannu. "To, ba ni."

Ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi. Alhaja ta ce, "Murjanin uwata ne fa. Fito da shi." Ya leƙa ta ramin jakar, ya girgiza, ya sa fensir. Daga ƙarshe dai sai da ya yage ta, yashi ya zubo masa a farar riga. Ya ce, "Mama, ba a yi ta don a buɗe ba."

Alhaji ya ce, "To ai sai mata su riƙa kula da sarƙoƙinsu."

Sai na kwance gwangwanin. Ranar Alhamis ce, ya kusa cika. Guntayen rubutun Baba Alfa ba na ajiye su a ƙasa, don haka na buɗe na miƙa masa da hannu biyu. Ya ɗauki guntu ɗaya, bai fi farce ba, ya kai kusa da ido. Ya ɗauki wani. Ya san rubutun ubansa, ya kuma san abin da ke rubuce, ni ban sani ba, siffar sunan Allah kawai nake ganewa.

"Daga ina?"

"Falo, Alhaji. Ƙarƙashin kujeru, wani sa'in a cikin gashin darduma."

"Na yaushe ne?"

"Na wannan makon."

"Kowane mako haka?"

"Shekara huɗu ke nan."

Ya rufe gwangwanin da kansa, ya riƙe shi bai ba ni ba. Ya ce da akawu, "Ɗaure mini mai jakar yadi. Ka sa roba uku." Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba shi da fitila." Alhaji ya ce, "Muna da taga."

Kada ku zaci aikina ya dawo a nan. Maganar ƙarshen wata tana nan, saura kwana tara. Alhaji ya ce Alhaja za ta tura, ta zazzage, ta duba kafin a zubar. Ni kuma na koya mata duk abin da na gani a kanti, har naɗe geza.

Ran Asabar aka yi gwajin fari. Alhaja ta ci ɗamara ta kunna. Kajin gida suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta tura falon kaf, darduma ta fito da launin da ban taɓa sanin tana da shi ba. Muka fito da jakar tsakar gida, Baba Alfa yana zaune a inuwar lemo da carbinsa. Alhaja ta toshe hanci ta kwance, ta zazzage a faifai. Na matso sosai, don abin da na daɗe ina son gani ke nan. Ba irin sharar tsintsiya ba ce. Wani abu ne toka-toka mai laushi, a cure kamar audugar da ta sha hayaƙi, komai ya zama launi ɗaya. Alhaja ta tona da tsinke, nan da can, tana tari.

Ta ce, "Ba komai. Inji bai ɗauko ba." Ta ɗaga faifan.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Alhaja, kin duba?" ba.

"Ba ga shi kina kallo ba?"

Na ce ta ba ni. Na ɗauko tsohuwar rariya na tankaɗe yashin, curin ya rage. Na riƙa yagar sa kaɗan kaɗan ina murzawa tsakanin yatsu. Ido ba ya aiki a nan sai yatsa ya fara ji. Gashi yana da santsi, zare yana ja, takarda kuwa ko ta nannaɗe ta yi baƙi tana da ɗan tauri, kamar ɓawon albasa. Na fitar da ɗaya, na warware ta da farce. Na fitar da ta biyu, da ta uku, har biyar. Sai wani abu ya soke ni. Dutsen ɗan kunnen Alhaja ne, wanda ya ɓata tun wata biyu da suka wuce, muka birkice gidan ba mu gani ba. Sau nawa na bi ta kansa da tsintsiya, Allah kaɗai ya sani. Na ce, "Wannan kam inji ne ya samo, ba ni ba."

Na kai wa Baba Alfa takardun. Ya ɗaga ɗaya saitin rana, ya motsa leɓe yana karantawa, ya sumbace ta. Ya ce a tura masa injin ya taɓa. Ya shafa jakar, ya shafa kan, ya tambaya ina idonsa. Aka ce mai ido yana kanti, Alhaji bai saya ba, kuma shi ma fitila ce kawai. Tsoho ya gyaɗa kai.

"Sikira, abin nan ciki gare shi. Wa zai zama idonsa?"

Alhaja ta dubi hannunta, ta dubi nawa, ta dubi dutsen ɗan kunnen a tafinta. Ta yi wata magana da Yarbanci, Baba Alfa ya yi dariya. Sannan ta ce, "Asabe, bayana ma ya riƙe. Ke za ki tura, ke za ki duba. Wata ya mutu ko ya rayu, ki zo da safe."

Shekara goma sha ɗaya na ƙara a gidan. Injin ya cinye roba ban san iyaka ba, jakar na yi mata faci sau biyu da zaren atamfa. Na koma Rijiyar Lemo na ba Inna Kande labarin cikinsa, burushi da roba da curin toka-toka. Ta saurara tana ɓare gyaɗa. Da na gama ta ce, "To, kina dai dubawa?" Na ce ina dubawa. Ta ƙara mini gyaɗa a kan wadda na saya.

Bilki, na ga naki injin, mai kwano garau kamar gilashi, ana ganin komai daga waje. Ran Asabar ina zaune kika juye shi a kwandon shara kina waya, ko leƙawa ba ki yi ba. Da kika shiga wanka na bi bayanki da rariya. Ɗan kunnen da kike ta zargin ƙanwarki a kansa yana kan tagata, cikin murfin kwalba. Ki zo ki ɗauka. Ki taho da ƙawar taki, na ajiye mata faifai.